Babbar kamara ko ƴar aljihu? Shawara ga sabon mai hoto a ƙasar Shetimari

Wata tambaya ta yawaita a ƴan shekarun nan a bakin matasanmu da ma'aikatanmu, tun daga birnin Difa har Shetimari da sauran garuruwan bakin Komadugu. Mutum ya ɗan tara abin da ya tara, sha'awar ɗaukar hoto ta kama shi, ya ga wayar salula ta daina biya masa bukata, sai ya tsaya cik tsakanin hanya biyu. Ko dai ya sayi babbar kamara irin ta ƴan jarida, wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani, ko kuwa ya sayi ƴar ƙarama wadda idonta ke haɗe da jikinta, a jefa ta aljihu a wuce. Da yake an saba ganina da kamara wurin suna da ɗaurin aure da ranar kasuwa, ni ake yawan tarewa da wannan tambaya, a biro ko a fada wurin shan shayi.

Hoto ba sana'ata ba ce. Ma'aikaci ne ni kamar da yawa daga cikinku. Aiki ne ya riƙa kai ni ƙauyukan wannan kwari shekara da shekaru, kamara kuwa abokiyar tafiya ce. Na riƙe iri biyun duka, kowace na san daɗinta da wahalarta. Amsata ga wanda zai fara yau, a nan ƙasarmu, ita ce ya fara da ƙaramar, amma ƙarama ta kirki. Na san amsar ba ta yi wa samari daɗi, domin babbar kamara a wuya tana da kwarjini. Saboda haka bari in shimfiɗa dalilaina, mai karatu ya auna da kansa.

Me ya raba su?

Kowace kamarar zamani abu biyu ne ke yi mata aiki. Na farko shi ne ido, wato jerin gilasan da haske ke bi ya shiga, wanda masu hoto na nan ke kira obijektif. Na biyu wani ɗan faranti ne can ciki, a gurbin da fim ke zama a da. Shi ke karɓar hasken ya mai da shi hoto, a ajiye cikin kati. A shekarar 1975 ne wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa irinta ta farko. Nauyinta ya haura kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama ajiye hoto guda. A 1995 kamfanin Casio ya fito da ƴar ƙarama mai allo a baya, mutum ya ɗauka ya gani nan take. A 2003 Canon ya fito da EOS 300D, babba mai sauya ido wadda farashinta ya sauko ƙasa da dalar Amurka 1.000, daga nan ne irinta ta fara shiga hannun waɗanda ba ƴan jarida ba. A 2008 kuma Panasonic ya cire madubin da ke cikin babbar, jikinta ya rage girma, aka sami iri na biyu na masu sauya ido, wato marasa madubi.

Babban bambanci yana ga girman farantin nan. A kamarorin ƙwararru yakan kai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, daidai da fim ɗin da. A manyan da akan sayar wa masu koyo kusan 23 ne da 15. A ƙananan na kirki, irin Sony RX100 da ta fito a 2012, kusan 13 ne da 9. A ƙananan na araha kuwa bai wuce 6 da 4 da rabi ba, ko farcen ƙaramin yatsa ya fi shi. Misalinsa kamar tarbon ruwan sama ne: mai babbar tasa ya fi mai ƙoƙo samu. Faranti mai faɗi ya fi tara haske, shi ya sa hotonsa ke fita garau da magariba ko cikin ɗaki, inda na ƙaramin faranti ke fita da tsakuwa-tsakuwa.

Akwai kuma wani tarko da masu kanti ke ɗana wa sabon shiga, wato yawan megafiksel da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Hoton da za a wanke a takarda mai santimita 10 da 15, irin wanda muke sakawa a album, megafiksel 2 da ɗan ɗori sun ishe shi. Wanda zai cika takardar biro guda, 9 sun wadatar. Ke nan duk kamarar da ta kai 12 ta gama da kai a wannan fanni, sauran magana tana ga ido da faranti.

Ba na musun cewa babbar ta fi iya hoto. In da a ɗakin gwaji za a ajiye su biyun, ita za ta ci. Amma mu ba a ɗakin gwaji muke zaune ba.

Ƙura, zafi da nisan hanya

Masana sun tabbatar cewa kwarin Bodele na ƙasar Cadi, arewa maso gabas da tafkin Cadi, shi ne wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Iskar hunturu kuwa daga can take busowa, mu ne kusan na farko a kan hanyarta. Daga watan Nuwamba zuwa Maris duk wanda ya share teburinsa da safe ya san abin da zai tarar da azahar. Abin takaici ga mai hoto, lokacin nan ne kuma ƙasarmu ta fi kyan gani: ruwan Komadugu ya cika ya fara ja da baya, lambuna sun yi kore, an shanya tattasai a fili ya yi ja wur kamar an shimfiɗa darduma, ga buhuna ana ɗurawa, ga motoci ana lodi. Wato ranar da ka fi son fitar da kamara ita ce ranar da iska ta fi cika da ƙura.

To duk lokacin da aka kwance idon babbar kamara, cikinta a buɗe yake. A marasa madubi ma farantin kansa ne ke kallon sarari. Ƙwayar ƙura guda in ta zauna a kansa, sai ta riƙa fitowa baƙin ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman a sararin sama. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tun 2003 kamfanin Olympus ya ƙirƙiro dabarar girgiza farantin don ƙura ta faɗo, sauran kamfanoni suka bi sahu, amma dabarar ba ta fidda wadda ta manne. Masu babbar kamara da na sani a Difa, kusan dukansu ido ɗaya suka ɗaura suka bar shi, ba su kwance shi sai cikin ɗaki a rufe. Ashe ke nan sun biya kuɗin wata dama da yanayi ya hana su mora.

Gaskiya kuma ita ce ƴar aljihun ma ba ta tsira ɗungum ba. Mafi yawansu idonsu yakan miƙo waje in an kunna, ya koma ciki in an kashe, kuma a wannan shiga da fita yakan ja ƙura. In ta shiga, mai ita ba ya iya buɗewa ya share, alhali mai babbar yana iya hure nasa farantin da ƴar robar busa iska. In yashi ya shiga haƙoran idon kuwa sai ya maƙale, kamara ta ƙi tashi. Maganin wannan abu biyu ne: ko a riƙa ajiye ta cikin ƴar jaka mai zip, ba tsirara cikin aljihu ba, ko kuwa a nemi irin waɗanda aka toshe saboda ruwa da ƙura, kamar jerin Tough na Olympus, waɗanda idonsu ke motsi daga ciki. Farantinsu ƙarami ne, da dare ba su da ƙarfi, amma ga mai shiga kwalekwale da mai yawon lambu ba su da na biyu.

Sai zafi. Takardar da ke zuwa da yawancin kamarori tana cewa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 40. A watan Afrilu da Mayu mu kan haura 40 ɗin nan a inuwa. Baƙar kamara mai nauyin fiye da rabin kilo, rataye a ƙirji cikin rana, tana ɗaukar zafi kamar dutsen guga, kuma zafi yana rage kwanan batir. Ƙaramar mai gram 250 zuwa 300 tana kwance cikin jaka a inuwar riga har sai an bukace ta.

Sai wuta. A nan dole a yi wa babbar adalci: tsofaffin masu madubi ba su da cin batir, akwai ma irin Nikon D3500 da kamfaninta ya ce caji ɗaya yana kai ta hoto 1.550, alhali ƙananan da marasa madubi yawanci tsakanin 200 da 400 suke tsayawa. Sai dai ƙananan da yawa ana iya cajinsu da igiya irin ta salula, daga ƙaramin allon hasken rana ko batirin ajiya. Wanda ya kwana uku a ƙauyen da ba lantarki ya san darajar wannan.

Sai gyara. Daga Difa zuwa Yamai kilomita wajen 1.360 ne. In kamara ta lalace, sai dai a damƙa ta ga direba ko ɗan uwa mai tafiya Yamai ko Kano, a zauna jira. Wani abokin aikina ya aika da tasa babbar gyara, sai da ta yi wata huɗu kafin ta dawo, kuma kuɗin gyaran da na hanya sun kusa sayen ƙarama ta hannu.

Kuɗin fa? Sabuwar mai sauya ido mafi araha, da idonta na farko, tana kaiwa wajen jikka 300 kafin kuɗin hanya da na duwan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jikka 42 ne. Wato albashin wata bakwai na ƙaramin ma'aikaci ke nan, bai ci ba bai sha ba. Kuma wannan somin taɓi ne, domin idon farko ba ya jawo nesa sosai, ba shi da ƙarfi cikin duhu. Nan da nan rai zai biya ga na biyu da na uku, wani idon ma ya fi jikin kamarar tsada. Ƴan kasuwa sun fi ni sanin irin hajar da sayenta ne farkon kashe kuɗi.

Idon jama'a

Akwai wani dalili da ba za a same shi a takardar kowane kamfani ba, kuma a ganina ya fi na baya duka nauyi. A ƙarshen Nuwamba 2014 aka kai wa Damasak hari, dubban mutane suka tsallako kogi zuwa Gagamari, cikin ƙasar Shetimari. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai wa Boso da Difa hari, bayan ƴan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka kuma yi ta sabunta ta shekara da shekaru. Aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da na kifi. Na tattasai sai a 2017 aka sake shi, na kifi sai a 2019. Tun daga lokacin idon kowa ya buɗe. Baƙon abu a hannun mutum yana jawo tambaya.

Babbar kamara mai dogon ido baƙon abu ce. A shingen bincike sai an tambaye ka wa ya aiko ka, wa kake yi wa aiki, ina takardarka, kuma jami'in da ya tambaya aikinsa yake yi. Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ƙaramar hanyar ɓoye-ɓoye ce. Barikin soja da shinge da ayarin motocin tsaro ba a ɗaukarsu, da babba ko da ƙarama ko da salula, kuma wanda ya yi ya ɗebo da zafi. Abin da nake nufi shi ne, mai ƙaramar kamara ana yi masa kallon ɗan gari mai son tarihi, mai babbar kuwa ana yi masa kallon wakilin wasu.

Haka abin yake a wurin talakawa. Mutanen da suka yi zaman gudun hijira a gefen babbar hanya ta ɗaya da sansanin Sayam sun ga manyan kamarori iri-iri. An zo cikin fararen motoci, an ɗauke su a layin rabon hatsi, an tafi, ba su sake jin labari ba. A idonsu babbar kamara tana nufin ɗayan biyu: ko taimako na tafe, sai kowa ya nuna rashinsa, ko kuwa za a kai hotonsu inda ba su sani ba, sai mata su ja mayafi su juya baya. A cikin biyun nan babu inda mutum ke fitowa yadda yake. Na gwada da kaina a kasuwar Gagamari. Ranar da na rataya babbar, yara suka yi mini zobe, dillalai suka daina ciniki suka gyara hula suka ƙame. Ranar da na zo da ƙaramar, na gaisa, na nemi izini, na zauna kan buhu muna hira, bayan ɗan lokaci aka manta da ni. Nan ne na samu hoton dattijo yana murza tattasai a tafin hannu yana shinshinawa kafin ya yi tayi. Ƙarfin faranti ba ya sayen irin wannan.

Izinin nan kuwa wajibi ne. Mace matar aure, almajiri, maras lafiya, gawa: kowanne yana da haƙƙi. Wanda ya ce a'a, an gama magana. Wanda ya ce to, a nuna masa hoton a allo, in da hali a wanke a kawo masa.

Wanda babbar ta dace da shi

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wani ɗan ƴar uwata ya same ni ya ce: «Kawu, ni fa sana'a zan yi, ɗaurin aure da suna da hoton katin shaida.» Na ce masa shi kam babbar zai nema. Bikinmu yawancinsa da yamma ne ko da dare, cikin rumfa ko tsakar gida, inda sai babban faranti da filashi mai ƙarfi. Bayan haka mai biki yana biyan kwarjini tare da hoto. In ka zo masa da abin da bai fi salularsa girma ba, sai ya rage maka kuɗi. Shawarar da na ba shi ita ce ya nemi mai madubi ta hannu, tun da manyan kamfanoni sun mai da hankali ga marasa madubi, tsofaffin sun yi sauƙi a kasuwa. Ya ɗaura mata ido ɗaya mai kyau, ya sayi batir biyu, ya bar sauran sai sana'a ta biya.

Haka nan mai son wasanni. Lokacin da Difa ta karɓi gasar kokowa ta ƙasa a ƙarshen Disamba 2022, wadda Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobinta, duk wanda ya zauna a sahun ƴan kallo da ƴar aljihu ya ga iyakarta. Kaye a ƙiftawar ido yake faruwa, daga nesa, cikin ƙurar fili. Sai dogon ido da kamara mai saurin kamawa. Mai bin tsuntsayen da ke sauka a fadamun Komadugu lokacin ɗari shi ma haka.

Akwai kuma wanda ba ya bukatar ko ɗaya. Alhajin da burinsa ya aika wa abokin cinikinsa na Kano ko Maiduguri hoton tattasai ta WhatsApp don a ga launi da girma, salularsa ta ishe shi, sai dai ya ɗauka a inuwa mai haske don kada jan ya ƙone. Salula ce ma ta karya kasuwar ƙananan kamarori. Ƙungiyar masu ƙera kamara ta Japan ta ƙidaya fiye da miliyon 120 da aka fitar a 2010. A 2023 ba su kai miliyon 8 ba, kuma na arahar ne suka fi ɓacewa. Darasin da ke ciki shi ne, ƙaramar kamara mai ƙaramin faranti, wadda ba ta jawo nesa da gilashi, ba ta fi salula da komai ba. Araha ba ta ado. Sabbin ƙananan na kirki kuwa sun yi tsada, wasu sun fi babbar ta masu koyo, don haka yawancinmu ta hannu za mu nema.

Ƙaramar da ta cancanci kuɗinka dole ta ba ka aƙalla biyu cikin ukun nan: faranti mai ɗan faɗi ko jiki a toshe, jawo nesa na gaskiya, da motsin gilashi, da kuma damar ka sarrafa ta da hannunka, wato faɗin buɗewar ido, da saurin ƙiftawarsa, da ƙarfin jin haske. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne karatun hoto gaba ɗaya. Wanda ya iya su a ƙaramar, ranar da ya ɗauki babbar ba zai yi mako yana lalube ba. In za ka saya, ka kunna ka kashe sau goma ka saurari motsin idon, ka ɗauki farin bango ka duba ko akwai ɗigo, ka tabbata ana samun batirinta.

Abin da ke salwanta

Mai karatu zai iya cewa duk wannan dogon bayani a kan abin wasa? Da abin wasa ne da ban ɓata tawada ba. A watan Mayu 2015 aka kwashe mutanen tsibiran tafki. A watan Yuni 2016, bayan harin Boso, dubban mutane suka sake watsuwa. Ƙauyuka da dama na bakin kogi suka tashi suka koma gefen kwalta. A 2019 da 2022 kuma Komadugu ta yi ambaliya ta ci gidaje da lambuna. A watan Yuni 2021 an fara mai da mutanen Baruwa garinsu, amma gari in ya tashi ya dawo ba ya komawa yadda yake. Akwai yara yau da suka kai shekara goma ba su taɓa ganin ƙauyen da aka haifi iyayensu ba.

Wata tsohuwa da ke zaune a gefen hanya tsakanin Shetimari da Difa ta ji an ce na taɓa zuwa garinsu kafin tashin hankali, sai ta aiko jikanta ya tambaye ni ko ina da hotonsa. Na duba na sami guda uku, waɗanda na ɗauka da ƴar aljihu ina jiran mota: bakin rijiya, da wata tsamiya, da ƙofar masallaci. Ba su da wani kyau na a zo a gani. Na wanke na kai mata. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ɗora yatsa a gefen tsamiyar ta ce wa jikan: «Nan ne gidan kakanka.» Hotunan nan sun samu ne saboda kamarar tana aljihuna a ranar da ban fito da niyyar hoto ba. Babbar tana gida cikin akwati, an naɗe ta saboda ƙura.

Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25.000 a shekarun 1960 ya janye ya bar gonaki a inda jirage ke yawo a da. Kogin kansa ya sauya hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 can ƙasar Kano. Dattawa suna ba da labari, amma gani ya kori ji, kuma hotunan wancan zamani kaɗan ne, mafi yawansu kuma baƙi ne suka ɗauka suka tafi da su. In ka nemi sunan Difa a intanet yau, tanti da bindiga da layin jarkoki za ka fi gani. Duk gaskiya ne, sai dai ba su ne dukan gaskiyar ba. A Maiduguri wata ƴar gari, Fati Abubakar, ta ga irin wannan game da Borno, sai ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum a 2015, ƴan makaranta da ƴan kasuwa da masu kwalliyar salla, har duniya ta san aikinta. Mu ma muna da mahaya dawaki da masu saƙar tabarma da matan da ke tsinkar tattasai, kuma ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya zauna shekara goma yana ɗaukarsu.

Wanda ke jin kunyar fara da ƙarama ya tuna da magabata. Seydou Keïta na Bamako da akwatin Kodak Brownie ya fara, wanda kawunsa ya ba shi a 1935, kamarar da ba a sauya mata ido, ba a ma saita ta. Malick Sidibé, wanda aka ba shi babbar lambar yabo ta birnin Benis na Italiya a 2007, Brownie ya fara saya a 1956. Ojeikere na Najeriya, wanda ya tara hotunan kitso wajen dubu, Brownie ya saya a 1950. A nan gida Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya bar mana Yamai ta shekarun 1960 da 1970, da samarinta da makaɗanta, da kayan aikin da ƴar aljihun yau ta fi su sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Abin da ya haɗa su shi ne suna nan kullum cikin mutanensu, an san su, an yarda da su.

Saboda haka ga ma'aikacin da ke yawon ƙauyuka, da malamin lakwal, da ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin kwarin nan, shawarata ba ta sauya ba. Ka sayi ƙarama ta kirki, ka riƙe ta shekara guda cur, kullum tana jikinka. Rarar kuɗin ka sa ta a kati na biyu da batir na biyu da wurin ajiya na biyu, domin hoton da ke wuri ɗaya kawai, in kati ya mutu ko an sace salula, ya tafi ke nan. Wanda ya bi ta WhatsApp kuwa an matse shi, ya rage inganci. Duk wata ka zaɓi goma ka wanke a takarda, ka rubuta a baya sunan gari da rana da shekara da sunan waɗanda ke ciki. Bayan shekara, in ka ga akwai hoton da kake gani da idonka amma kamarar ta kasa kama shi, kuma ka san dalilin kasawar, to lokacin babbar ya yi, kuma a lokacin ba sai ka tambayi kowa wace iri za ka saya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa jikokinmu su sami abin da za su ɗora yatsa a kai.